A Rage Ƙarar Inji Tun Kafin Kunne Ya Mutu

Idan inji ya datse wa ma'aikaci yatsa, kowa zai gani, a ruga da shi asibiti, a rubuta rahoto. Amma akwai wani lahani da ba ya fid da jini, shi ya sa ba a cika kula da shi ba, watau kurumtar da ƙarar injuna ke jawowa sannu a hankali.

A can cikin kunne akwai waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta masu kamar gashi, su ne ke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Ƙara mai tsanani tana kashe su, kuma wanda ya mutu ba ya sake tsirowa. Da fari mutum zai riƙa jin kunnensa yana kuka bayan an tashi aiki, daga baya sai ya fara sa iyalinsa suna maimaita magana.

Ana auna ƙara da ma'aunin da ake kira desibel. Masana sun ce iyakar abin da ya kamata kunne ya ɗauka a cikin awa 8 shi ne desibel 85, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin nan biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, 100 kuwa minti 15 kacal. Ko ba na'ura ana iya ganewa. Muddin sai an ɗaga murya kafin na kusa ya ji, to, wurin akwai haɗari.

Wannan ba baƙon al'amari ba ne a Arewa. Tun 1957 aka buɗe masaƙar farko a Kaduna, dubban mutane suka ci abinci a Kakuri, alhali ƙarar ɗakin saƙa mai tsofaffin injuna takan haura desibel 95. Yawancin masaƙun nan sun rufe, amma ƙarar ba ta ƙare ba. Tana nan a masana'antun roba da na casar shinkafa a Kano, da wuraren tsaga katako, da duk inda janareta ke ruri.

Abin da masu masana'antu suka fi yi shi ne su raba abin toshe kunne, su ce sun sauke nauyi. Wannan bai isa ba, domin zafi da gumi kan sa lebura ya cire shi. Lalle ne a fara daga injin kansa: a sa masa mai, a ɗaure abin da ya kwance, a ɗora shi bisa roba, a kewaye shi da bango, a kuma riƙa juya ma'aikata don kada mutum ɗaya ya yini a gindinsa. Abin toshe kunne shi ne na ƙarshe.

Doka kuwa ba a rasa ta ba. Akwai Dokar Masana'antu ta 1987, da ƙa'idojin hana ƙara na 2009, sa'an nan dokar diyyar ma'aikata ta 2010 ta ambaci lalacewar ji. Sai dai wanda ba a auna jinsa ranar da aka ɗauke shi aiki ba, da wuya ya tabbatar cewa inji ne ya kurumtar da shi.

Saboda haka ya wajaba Ma'aikatar Ƙwadago ta ba sufetocinta na'urar awon ƙara, ta kuma tilasta gwajin kunne a ranar ɗauka da kuma kowace shekara. Ƙungiyoyin ƙwadago su ma su sa wannan cikin buƙatunsu. Albashi ana iya ƙara shi baɗi, amma kunnen da ya mutu ba ya dawowa.