Wace burauza ce za mu ba amanar wayarmu?

Tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a watan Maris na 2025, masu saida wifi sun yawaita, intanet ya ƙara matsowa karkara. A da sai mutum ya hau tudu yana neman rezon Airtel, Moov ko Zamani, na kusa da iyaka kuma su kama na Najeriya. Yau da yawanmu a Guci, Dungas da Magarya ta waya muke jin farashin dabbobi a kasuwar Maigatari, ta waya ɗan da ke Libiya ko Aljeriya ke sanar da gida cewa ya turo kuɗi, a je Nita ko Amana a karɓa. Tunda kuɗinmu da sirrinmu sun koma cikin waya, ya kamata mu san ƙofar da muke bi mu shiga intanet. Wannan ƙofa ita ce burauza: duk sanda ka taɓa wani adireshi da aka turo maka a WhatsApp, ita ce ke buɗe shi.

Abu biyu ake dubawa, kuma ba ɗaya ba ne. Na farko tsaro, wato ta hana ɓarawo shigowa. Na biyu sirri, wato kada ita kanta ta riƙa kai rahotonka ga kamfaninta da masu talla. Mai gadi na iya korar ɓarayi da kyau, amma kullum yana faɗa wa maigidansa wanda ya shiga ɗakinka.

Mu fara da Chrome, wadda ke zuwa cikin kusan kowace wayar Android. Wajen tsaro tana da ƙarfi: ana gyara ta a kai a kai, kuma takan nuna jan gargaɗi idan za ka faɗa shafin ƴan damfara da aka riga aka gano. Sai dai ta kamfanin Google ce, shi kuwa mafi yawan kuɗinsa daga talla yake samu, talla kuma sai an san abin da kake so. Ko ɓangaren nan da ake kira Incognito, abin da yake yi shi ne goge sawu a cikin wayarka kaɗai. A 2024, bayan ƙarar da aka kai shi a Amurka, Google ya amince ya goge biliyoyin bayanai da ya tara daga masu amfani da wannan ɓangare.

Sai Opera Mini, abokiyar mai ƙaramin forfe. Tana rage cin data ne saboda shafin da ka nema sai ya bi ta kwamfutocin kamfanin, a matse shi, sannan a miƙo maka. Idan ka sa ta a matakin tsimi mafi girma, har shafin da ke kulle a can ake buɗe shi kafin ya iso gare ka. Kamfanin na ƙasar Norwe ne, masu jari daga Sin suka saye shi a 2016. Don karanta labarai da sakamakon ƙwallo, ba laifi. Don shigar da lambar sirri ko harkar kuɗi, gara a kauce mata.

Akwai kuma waɗanda muke tararwa cikin waya ko mai gyara ya zuba mana, irin su Phoenix da ke zuwa a wayoyin Tecno, Itel da Infinix da yawa, da UC Browser. A 2015 masu bincike na Citizen Lab a jami'ar Toronto ta Kanada sun gano UC tana fitar da lambobin shaidar waya da na layi, har da wurin da mutum yake, ba tare da kulle mai ƙarfi ba. A 2020 Indiya ta haramta ta. A wannan shekarar dai masu binciken Secure-D suka ba da rahoton wayoyin Tecno W2 kimanin 53,000 da aka saida a Afirka ɗauke da muguwar manhaja mai yi wa mutum rajistar abin biya ba da saninsa ba, kredi ya yi ta zurarewa. Kamfanin Transsion ya ce daga wani mai kawo masa kaya matsalar ta fito. Kun ga ke nan, don abu ya zo cikin kwali sabo fil, ba shi ke nuna ya riƙe amana ba.

Ta fuskar sirri, Firefox da Brave sun fi. Firefox ta gidauniyar Mozilla ce, tana toshe da yawa daga cikin masu bin sawu. Brave kuwa tun daga sauke ta take toshe talla, abin da ke rage cin data ma. Matsalarsu ita ce nauyi: ƙaramar waya mai ƙarancin wuri takan yi ta tsayawa da su.

To amma fa akwai abin da babu burauzar da za ta yi mana. Mai wifi da kamfanin layi suna iya sanin sunan shafin da ka shiga. Idan aka turo saƙo wai ana rabon tallafi ko kyautar data, ka shiga ka rubuta lambarka da ta sirri da hannunka, ba mai cetonka. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Haka kuma abin da ka rubuta ko ka tura wa wasu yana kanka. A watan Yunin 2024 hukumomin ƙasa sun gyara dokar 2019 kan laifukan intanet, suka maido da hukuncin ɗauri kan ɓata suna, zagi, da yaɗa abin da ka iya ta da hankalin jama'a. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar HAPDP a Yamai mai karɓar koke. Amma waɗannan kamfanoni suna nesa, shi ya sa kariya ta farko tana hannun mai waya.

A ganinmu, wanda wayarsa za ta ɗauka ya riƙe biyu: Opera Mini don labarai, Firefox ko Brave don duk abin da ya shafi lambar sirri. Mai ƙaramar waya ya tsaya kan Chrome, ya riƙa sabunta ta duk sanda ya samu wifi. A sauke manhaja daga Play Store, a daina karɓa ta Xender daga wayar wani. A sa wa waya makulli kafin a kai ta wurin mai caji, kuma idan wayar ta gida ce kowa na taɓawa, kada a yarda burauza ta adana lambar sirri.

Ku kuma ƴan uwa da ke Kano, Legas, Libiya, Aljeriya ko Saudiyya, idan za ku aiko wa Baba ko Inna waya, ku gyara ta tun daga can: ku cire tarkacen da ba su buƙata, ku sa makulli, sannan ku yi musu bayani da murya cewa ba wanda ake faɗa wa lambar sirri, ko da ya ce daga kamfani yake kira. Yawancin iyayenmu ba su karanta faransanci ko turancin da gargaɗin ke zuwa da shi, don haka muryarku ce gargaɗin da zai kai gare su.