A daina ɗaukar koci don tafin 'yan kallo

Da zarar Nuwamba ta zo ƙarshe, sai kasuwar kociyoyi ta ci a gasar ƙwallon jami'o'in Amurka, ƙwallon nan mai kama da zari-ruga. Mu magoya baya kuwa, tun sabon koci bai san ƙofar ofishinsa ba mun gama yanke masa hukunci. Ni dai a ganina, bai kamata wata jami'a ta saurare mu a ranar ɗaukar koci ba.

A Disamban 2008 Auburn ta ɗauko Gene Chizik, wanda ya ci wasa 5 kacal cikin 24 a Iowa State. Har filin jirgin sama wani magoyin baya ya bi daraktan wasannin jami'ar yana masa ihu. Kakar 2010 Chizik ya ɗauki kofin ƙasa, ba wanda ya doke shi. Masu ihu za su ce ai aikin ɗan wasansa Cam Newton ne, tunda an kori Chizik a 2012. Suna da hujja, amma kofin na nan a Auburn. Haka Clemson ta tabbatar da Dabo Swinney, ƙaramin koci da aka ba riƙon ƙwarya a 2008, ana ta gunaguni. Ya kawo kofi biyu.

Za a ce min Nick Saban fa? Gaskiya ne, Alabama ta sayi babban suna a 2007, ya biya ta da kofuna shida. Sai dai Saban ɗaya ne, kuma kwaɗayin samun irinsa ya jefa jami'o'i da dama cikin asara.

Wadda ta fi ba ni takaici ita ce Texas A&M. A ƙarshen 2017 ta zare Jimbo Fisher daga Florida State, inda ya ci kofin 2013, da kwantiragin shekara 10 kan dala miliyan 75. Aka yi ta shewa. Don zumuɗi, har allon yabo na cin kofin ƙasa aka miƙa masa, an bar gurbin shekarar ba a cike ba, alhali bai jagoranci ko wasa ɗaya ba. A 2021 aka ƙara masa wa'adi da albashi. Kofi shiru. A Nuwamban 2023 aka sallame shi, jami'ar na da bashinsa na sama da dala miliyan 75. Za ta ci gaba da biyansa har 2031, ga kuma albashin wanda ya gaje shi.