Tafiya a ƙasa ba talauci ba ce

Yaushe tafiya a ƙasa ta zama abin kunya? A Maraɗi ko Damagaram, saurayi zai je bayan layi biyu, sai ya tsai da kabu-kabu, wai kar a ce talaka ne. Daga nan ya zube a fada tun la'asar har tsakar dare: shayi na ɗaya, na biyu, na uku, ido a kan waya. Gobe ya ce maka barci ya ƙi, zuciya ta cunkushe, karatu ba ya shiga.

Ni dai ban yarda duk laifin rashin aiki ba ne. Rashin aiki gaskiya ne, amma benci bai taɓa ba kowa aiki ba, tunani kawai yake ƙarawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce baligi na buƙatar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako. Minti 30 sau biyar ke nan, bai ma kai zaman shayi guda ba.

Za ku ce zafi. E, a watan Afrilu mai hankali ba ya fita da azahar. To bayan asuba fa? Ɗan Damagaram na da duwatsun Birni, ɗan Maraɗi na da hanyar gulbi, ɗan Yamai na da bakin kogi.

Ƴan'uwanmu mata kuwa, in suka fito miƙe ƙafa, mu ƴan fada ke bin su da baki har su koma gida. Mun hana kanmu, mun hana su. Mu tashi, ko mu yi shiru su wuce.