Sakkwato: Birnin Shehu da jirgin ƙasa bai taɓa isa ba

A shekarar 2029 za a cika shekaru ɗari cif tun da Turawan mulkin mallaka suka kai layin dogo garin Kauran Namoda, suka kuma tsaya a nan. Daga wancan lokaci zuwa yau an yi gwamnatoci na soja da na farar hula, an ƙirƙiro jihohi, an kuma sha yin alkawura, amma ba a ƙara ko taku ɗaya na dogo zuwa yamma ba.

Sakamakon haka, birnin Sakkwato, cibiyar Daular Usmaniyya kuma mazaunin Sarkin Musulmi, yana cikin manyan biranen tarihi na Najeriya da ba a iya zuwa cikinsu ta jirgin ƙasa. Haka lamarin yake ga jihar Kebbi baki ɗayanta.

Ga mazauna kudancin jihar, kamar mutanen Jabo da Dogon Daji da Tambuwal da Kebbe, wannan batu ya wuce na alfahari da tarihi. Duk buhun albasa ko gero ko shinkafa da zai bar yankin, da duk wanda zai yi tafiya neman magani ko karatu ko fatauci, ba shi da zaɓi sai mota. Tun bayan janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuwa, kuɗin mota ya zama babban abin da ke cinye ribar manomi.

Dalilin tsayawa a Kaura

Tarihin yadda aka shimfiɗa layin dogo a Najeriya shi ne ke bayyana yadda aka bar Sakkwato a baya.

Turawan Ingila sun ci birnin da yaƙi a watan Maris na 1903, amma hankalinsu ta fuskar ciniki yana kan Kano ne. Layin da ya taso daga Baro a bakin kogin Kwara ya isa Kano a 1911, aka kuma haɗa shi da wanda ya taso daga Legas. Cikin 'yan shekaru kaɗan sai ga cinikin gyaɗa ya bunƙasa, har dalar gyaɗa ta zama alamar birnin.

Rassan da suka biyo baya duk sawun amfanin gona suka bi. Reshen da ya tashi daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau, ƙasar auduga da gyaɗa, ya ƙare a Kauran Namoda a 1929. Na Kano zuwa Nguru ya kammala a 1930. Manufar ita ce kwashe kaya zuwa bakin teku, ba sada garuruwan 'yan ƙasa da juna ba.

A shekarar da dogo ya isa Kaura ne kuma tattalin arzikin duniya ya durƙushe, gwamnatin mulkin mallaka ta tsuke bakin aljihu. Da aka sake waiwayar aikin dogo gab da samun 'yancin kai, gabas aka nufa, inda layin Borno ya isa Maiduguri a 1964.

Wannan shekara ta 1964 tana cikin lokutan da jirgin ƙasa ya fi tashe a ƙasar, domin ya ɗauki fasinjoji sama da miliyan 11. Daga nan sai harkar ta shiga ja da baya, manyan motoci suka karɓe dakon kaya, har aka kai lokacin da ko layukan da ake da su ma ba a iya kula da su, balle a yi zancen sababbi.

Alkawura a kan takarda

A 2006 gwamnatin Olusegun Obasanjo ta sa hannu kan kwangilar dala biliyan 8.3 da kamfanin CCECC na ƙasar Sin domin gina sabon layi daga Legas zuwa Kano. Gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta dakatar da ita a 2008, daga bisani aka koma yin aikin kashi-kashi.

Kashin Abuja zuwa Kaduna, mai tsawon kilomita 186, ya fara aiki a watan Yulin 2016, na Legas zuwa Ibadan kuma a watan Yunin 2021. A watan Fabrairun 2021 ne aka aza harsashin layin Kano zuwa Maraɗi, mai tsawon kilomita 284, wanda ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya.

Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ya kusanci Sakkwato.

Sunan birnin ya sha fitowa a jerin layukan da ma'aikatar sufuri ta tarayya ta ce tana nazari a kansu. Ɗaya shi ne wanda zai ɗora daga Kauran Namoda zuwa Sakkwato, ya wuce Illela a kan iyaka da Jamhuriyar Nijar. Na biyu kuma zai taso daga Illela ya ratsa Sakkwato da Jega da Yawuri, ya gangara kudu. Wannan na biyun ne ya fi shafar ƙasar Tambuwal, kasancewar garin yana kan hanyar Sakkwato zuwa Jega.

A watan Oktoban 2024 an ƙaddamar da aikin babbar hanyar mota daga Sakkwato zuwa Badagry, mai tsawon kilomita 1,068, hukumomi kuma sun ce an tanadi gurbin layin dogo a cikin tsarinta. Sai dai tanadin gurbi daban, shimfiɗa ƙarfe da sayo taragai daban.

Darasi daga wasu biranen tarihi

Birnin Krakow da ke kudancin ƙasar Polan ya yi kama da Sakkwato ta wasu fuskoki. Shi ne tsohuwar fadar sarakunan ƙasar kafin mulki ya koma Warso a ƙarshen ƙarni na 16, kuma a can ne kaburburan yawancin sarakunan suke. Ikon siyasa ya bar birnin, amma martabarsa a zukatan jama'a ba ta gushe ba.

Jirgin ƙasa ya isa Krakow a 1847, wato a zamanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba. A yau matafiyi kan bar Warso ya isa can cikin kimanin sa'o'i biyu da rabi, a tafiyar da ta kusa kilomita 300. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1978, kuma miliyoyin baƙi ne ke ziyartarsa a kowace shekara.

Abin lura a nan shi ne, layin da jiragen ke gudu a kansa a mafi yawan wannan tafiya an gina shi ne a shekarun 1970, da farko domin dakon kaya daga yankin ma'adinan kwal na kudancin ƙasar. Fasinja da ɗan yawon buɗe ido daga baya suka ci moriyarsa.

Alhazan Najeriya ma sun ga wani misalin da idonsu. Jirgin Haramaini, wanda ya fara aiki a 2018, yana haɗa Makka da Madina, tafiyar kilomita 450, cikin ƙasa da sa'o'i uku. Amma wannan layi ya dogara ne da miliyoyin mahajjata da masu Umara, da kuma baitulmalin da zai iya ɗaukar nauyinsa.

Sakkwato na da nata maziyartan. Jama'a daga sassan Najeriya da Nijar da sauran ƙasashen yammacin Afirka na zuwa Hubbaren Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a 1817, wasu su wuce Wurno inda kabarin Muhammadu Bello yake, ko Gwandu wajen na Abdullahi Ɗanfodiyo. Akwai Sifawa da Degel da Alkalawa, da kuma kufan Surame da ke cikin jerin wuraren da Najeriya ta gabatar wa UNESCO. To amma da wuya kuɗin tikitin maziyarta kaɗai ya riƙe layin dogo.

Kaya, kuɗi da tsaro

Idan har akwai hujjar tattalin arziki ta kai dogo Sakkwato, to a wajen kaya take. Akwai masana'antar siminti ta Kalambaina, akwai albasa da tafarnuwa da ake lodi zuwa kudu daga Sakkwato da Aliero, akwai shinkafar fadamun Rima da Kebbi, ga kuma dabbobi da fatun jar akuyar Sakkwato da suka yi suna tun kafin zuwan Turawa.

An taɓa gwada irin wannan a kusa. A watan Satumban 2016 wani jirgi ya ɗauki shanu kusan 500 daga Gusau zuwa Legas, a wani shiri da aka ce zai rage asarar da fatake ke yi a kan hanya. Shirin bai ɗore ba, abin da ke nuna cewa samun layi kaɗai ba ya wadatarwa idan babu kulawa da jadawalin da ɗan kasuwa zai dogara da shi.

Matsala ta biyu ita ce kuɗi. Layin Abuja zuwa Kaduna ya ci sama da dala miliyan 800, kuma dala miliyan 500 daga ciki rance ne daga bankin Exim na ƙasar Sin. Kwangilar Kano zuwa Maraɗi ta kusa dala biliyan biyu. Bisa wannan ma'auni, sabon layi na kimanin kilomita 200, kwatankwacin nisan Gusau da Sakkwato, zai iya lashe kusan dala biliyan ɗaya.

Gyaran tsarin mulkin da shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Maris na 2023 ya ba jihohi ikon gina layin dogo, abin da a da gwamnatin tarayya kaɗai ke da hurumi a kansa. Sai dai kasafin kuɗin jihar Sakkwato na 2025 gaba ɗayansa, wanda ya ɗan haura naira biliyan 500, bai kai rabin waccan dala biliyan ɗaya ba. Ke nan ikon ya samu, amma ƙarfin aljihu bai samu ba, sai fa idan Sakkwato da Kebbi da Zamfara za su haɗa hannu da gwamnatin tarayya da masu zuba jari.

Akwai kuma bambancin faɗin layi. Tsohon dogon da ya tsaya a Kaura siriri ne, mai faɗin milimita 1,067, sababbin kuwa 1,435 ne. Jirgin ɗaya ba ya hawa ɗayan. Don haka ɗorawa daga Kaura na nufin ko dai a ci gaba da tsohon yayi, ko kuma a sake gina layin tun daga Zariya.

Matsala ta uku, wadda ta fi tayar da hankali, ita ce tsaro. Harin da aka kai wa jirgin Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris na 2022, inda aka kashe aƙalla mutum takwas aka kuma sace fiye da 60, ya sa an dakatar da zirga-zirga har zuwa watan Disamba na shekarar. Hanyar Kaura zuwa Sakkwato kuwa za ta ratsa yankunan Zamfara da gabashin Sakkwato ne, inda 'yan bindiga suka shafe shekaru suna addabar jama'a.

Wannan na iya sa hanyar Jega da Yawuri ta fi jan hankalin masu tsara aiki, ko da yake ita ma ba ta kuɓuta daga matsalar ba, musamman a dazuzzukan da ke tsakanin Kebbi da Neja.

Tambayar da ke gaban 'yan siyasa

Maƙwabciyar ƙasa Nijar ta bar wani darasi. An shimfiɗa layi na kimanin kilomita 140 daga Yamai zuwa Doso tsakanin 2014 da 2016, aka yi bikin buɗe tasha, amma da yake ba a haɗa shi da layin da ya taso daga Kwatano ba, bai zama hanyar ciniki ba. Layin da bai kai ga tashar jiragen ruwa ko babbar kasuwa ba, ƙarfe ne kawai a kwance.

Saboda haka abin da ya kamata mutanen Jabo da Tambuwal da Kebbe su nemi sani daga masu neman ƙuri'unsu ya wuce alkawarin cewa jirgi zai zo. Ta wace hanya layin zai bi, da wane layi zai haɗu, wa zai biya, kuma a ina za a kafa tashoshin lodin kaya?

Amsar tambaya ta ƙarshe ce za ta nuna ko manomin kudancin Sakkwato zai amfana, ko kuwa jirgin zai riƙa wuce gonarsa ne kawai yana ɗaga masa hannu. Gusau da Funtuwa sun bunƙasa ne saboda jirgi ya tsaya a cikinsu ya ɗauki kaya, garuruwa da dama da layin ya ratsa ba tare da tasha ba kuwa suna nan yadda suke.