Ranar Nasara Ake Yi Wa Mai Horarwa Hisabi

Da yammacin Litinin 18 ga Nuwamba 2024, Mena ta Nijar ta shiga filin wasa na birnin Akara ta doke Gana da ci 2 da 1 a gaban jama'arta, kwana huɗu bayan ta lallasa Sudan da ci 4 da nema a Lome. Duk wanda ya san Damagaram ya san abin da ke biyo bayan irin wannan rana. Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Kara-Kara, akan shimfiɗa tabarmi, a hura gawayi, a aza butar shayi, fada ta rikiɗe ta zama kotu. Ɗan kabu-kabu da malamin makaranta da ɗan tireda na kasuwar Dole, kowa ya zama alƙali, wanda ake ƙara kuwa mutum ɗaya ne, shi ne mai horarwa. Wannan muhawara ba abin rainawa ba ce. Masu yin ta su ne ke kashe kuɗinsu a gidan kallo, su ne ke rasa barci in an sha kaye, don haka haƙƙinsu ne su tofa albarkacin bakinsu. Abin dubawa shi ne mudun da suke awo da shi.

In aka kasa kunne da kyau, mahawarar bayan nasara kan rabu gida uku. Kaso na farko na ganin mai horarwa gwani ne da babu kamarsa: ya toshe baya, ya cika tsakiya, ya bar abokan hamayya suka yi ta yawo da ƙwallo har suka gaji, sannan ya yi musu kwanton ɓauna. Kaso na biyu na cewa yara ne suka ci da zuciyarsu, shi kuwa saura kaɗan ya ɓata lamarin, don ya yi jinkirin canji, ya ja da baya tun lokaci bai yi ba, ya bar wane a benci alhali shi ne ya fi kowa gudu. Kaso na uku, wanda ya fi yawa ya kuma fi ƙarfin murya, maganarsa gajera ce: an ci ko ba a ci ba? In an ci, to kowa ya rufe bakinsa.

Na farko da na biyu, ko sun yi kuskure, ƙwallo suke magana a kai, kuma ana iya kawo musu hujja su sake ra'ayi. Na ukun ne abin tsoro, domin shi ba dabara yake auna ba, sakamako yake bauta wa. Mutumin da ya hana tambaya ranar da aka ci, shi ne zai riga kowa neman a kori mai horarwa ranar da aka faɗi, kuma a ranakun biyu bai kalli abin da ya faru a fili ba, allo kawai ya duba.

Wasan Akara kansa ya isa misali. Ƙwallon da ya ba Nijar nasara, Oumar Sako ya jefa shi ne a cikin mintocin da alƙalin wasa ya ƙara bayan cikar 90. Kafin a tashi kuma aka ba Gana bugun daga kai sai mai tsaron gida, Mohammed Kudus ya kasa ci. Da wannan bugu ya shiga raga, da an tashi 2 da 2, da waɗanda suka kwana suna yabon Badou Zaki, ɗan Maroko da ke riƙe da Mena a lokacin, sun kwana suna tambayar yadda aka yi ƙungiya ta kasa riƙe nasara na ƴan mintoci. Tsarin wasa ɗaya ne, ƴan wasa su ne dai, canje-canje su ne dai. Bugu guda na ƙafar wani ne ya raba gwani da wawa. Hukuncin da bugu guda ke iya juyawa ba hukunci ba ne a kan dabara.

Akwai kuma abin da murnar wannan dare ta lulluɓe. Kafin waɗannan nasarori biyu, Mena ta buga wasa huɗu a rukunin, ta sami maki ɗaya tak da ƙwallo ɗaya tak: Sudan ta ci ta 1 da 0, ta yi kunnen doki 1 da 1 da Gana, Angola ta doke ta sau biyu. A ƙarshe Nijar ta tashi da maki 7, Sudan da 8, Sudan ta tafi gasar kofin Afrika ta Maroko, Nijar ta zauna gida. Tambayar da ta cancanci butar shayi guda ita ce: me ya sa ƙungiyar da ta zuba ƙwallo shida a kwana huɗu na Nuwamba ta kasa zuba biyu a Satumba da Oktoba baki ɗaya? Sai da tura ta kai bango aka sake ta ta kai farmaki ne, ko kuwa ƴan wasan ne suka ɗauki wannan lokaci kafin su fahimci abin da ake koya musu? Amsar farko laifin mai horarwa ce, ta biyu hujja ce ta a ƙara masa haƙuri. Wanda ya ce a yi shiru tunda an ci, ba zai taɓa sanin wacce ce gaskiya ba.

Wannan ba sabon darasi ba ne, an riga an biya kuɗinsa da tsada. Ranar 10 ga Oktoba 2010, a filin Janar Seyni Kountché na Yamai, Mena ta doke Masar da ci 1 da 0, Moussa Maâzou ne ya jefa ƙwallon. Masar a lokacin ita ke riƙe da kofin Afrika, ta ɗauke shi sau uku a jere, a 2006 da 2008 da 2010. Mai horarwa ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabde. Daga nan aka ci Saliyo 3 da 1, aka ci Afrika ta Kudu 2 da 1, duka a Yamai, kuma a Oktoba 2011 Nijar ta sami tikitin zuwa gasar kofin Afrika karo na farko a tarihinta. A Disamba na wannan shekara hukumar ƙwallon Afrika, CAF, ta zaɓi Doula gwarzon masu horarwa na nahiyar. Yabon gwani ya zama dole, kuma ya cancanci yabon.

Sai dai alƙaluman wannan tafiya suna ɗauke da gargaɗin da guɗa ta hana a ji. A gida Mena ta ci wasa uku cikin uku. A waje ta faɗi uku cikin uku, 2 da 0 a Afrika ta Kudu, 1 da 0 a Saliyo, 3 da 0 a Masar, ba ta jefa ko ƙwallo ɗaya ba. Jimilla ta ci shida, an ci ta takwas. Ta wuce ne domin ƙasashe uku sun yi daidai da maki tara-tara, dokar gasar kuma ta ce a duba wasannin da suka buga a tsakaninsu. Ma'ana, ƙungiya ce mai ban tsoro in tana cikin zafin Yamai da ihun jama'arta, amma wadda ba ta riga ta gano yadda ake wasa a gidan wani ba. Gasar kofin Afrika kuwa daga farkonta har ƙarshenta a gidan wani ake yin ta. Tsakanin Oktoba 2011 da Janairu 2012 akwai wata uku na yin wannan tambaya a fili, ga mai horarwa da ga hukumar FENIFOOT. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abin da ya biyo baya sananne ne. Ranar 23 ga Janairu 2012, a Libreville, mai masaukin baƙi Gabon ta ci Nijar 2 da 0, wato irin sakamakon da wasannin waje uku na baya suka riga suka nuna. Nan take aka janye ragama daga hannun Doula, wanda ko wata biyu bai cika da karɓar lambar yabo ba, aka miƙa ta ga Bafaranshe Rolland Courbis da aka ɗauko a matsayin mai ba da shawara. Tunisiya ta ci 2 da 1, Maroko ta ci 1 da 0, aka dawo gida babu maki ko ɗaya. Mutumin da aka hana yi wa tambaya ranar nasara, shi aka hana wa damar kare kansa ranar faɗuwa. Da an matsa masa a Oktoba, da wataƙila ya gyara, ko a san inda yake buƙatar taimako a ba shi cikin mutunci. Yabon da ba ya tare da bincike bai tsare shi daga komai ba.

Ƙasar da Nijar ta sha gabanta a wannan rukuni ita ma ta bar darasi. Ranar 8 ga Oktoba 2011, Afrika ta Kudu ta karɓi Saliyo a Nelspruit. Da labari ya iso cewa Masar na cin Nijar, mai horarwa Pitso Mosimane ya zaɓi riƙe kunnen doki, bisa zaton yawan ƙwallaye ne zai raba gardama. Aka tashi babu ci, ƴan wasa suka yi rawa a fili, ƴan kallo suka yi sowa, sai daga baya aka gane an karanta doka a karkace. A cikin waɗannan mintoci na murna, duk wanda ya miƙe ya tambayi dalilin da ya sa ba a nemi cin wasan ba, da an kira shi mai baƙin ciki. Shi kaɗai ne kuwa mai gaskiya a filin.

To, wane mudu ya kamata fada ta riƙe? Ba sai mutum ya yi karatun horarwa a Turai ba. Tambayoyi ne da idon duk mai kallo ke iya amsawa in ya natsu. Sau nawa ƙungiya ta kai ƙwallo bakin raga da shiri, sau nawa kuma kuskuren abokin hamayya ne ya ba ta? Mai tsaron gida sau nawa ya ceci jama'a? In shi ne gwarzon wasa, to ƴan baya suna da magana a kansu, komai daɗin sakamako. Canjin da aka yi, ya sauya tafiyar wasan ko gajiya kawai aka maye? Da ƙungiyar ce aka fara ci, akwai wata dabara ta biyu a hannu? Kuma abin da aka yi yau, zai yi aiki a wani gari, a wani yanayi, gaban wasu ƴan kallo? Mai horarwar da ya amsa waɗannan da kyau ya cancanci a riƙe shi ko ya faɗi sau biyu a jere. Wanda ya kasa amsa su, sa'a ce ta fi sammako, kuma sa'a ba ta sa hannu a kwantaragi.

Akwai tambaya ta ƙarshe da ta fi shafar Damagaram, domin dabarar mai horarwa ba ta wuce kayan aikin da aka ba shi. A 1984 Espoir ta Zinder ta ɗauki kofin zakarun ƙasa, shekara guda bayan Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauka. Tun daga wancan zamani kofin ya zama kamar gadon gidan ƙungiyoyin Yamai, galibinsu na soja da jandarma da duwan da manyan kamfanonin gwamnati, masu albashi da motar tafiya. Yaron da ke murza leda a kan yashi a bayan ganuwar Birni yana da nisan kusan kilomita 900 daga idon mai zaɓen ƴan wasa. A wasannin neman gurbi na 2024 kuma, ko mutanen Yamai ba su ga Mena da idonsu ba, domin filin Seyni Kountché bai cika sharuɗɗan CAF ba, wasannin da ake kira na gida a Maroko da Togo aka buga su. Ƙungiyar da dukan ƙarfinta a 2011 yake a gida, ta wayi gari ba ta da gida. Wannan ba mai horarwa ya jawo shi ba, kuma canza mai horarwa ba ya gyara shi. Ranar nasara, lokacin da shugabannin ƙwallo ke fitowa ɗaukar hoto da ƴan wasa, ita ce ranar da ya fi dacewa a tuna musu da shi, don ranar faɗuwa ba a ganinsu, mai horarwa ake turowa gaba.

Wani zai ce wannan ɓata wa talaka murna ne, mutumin da tsadar hatsi da ɗaukewar wuta suka isa, ga ɗan abin farin ciki ya samu ana neman a mayar masa da shi jarrabawa. Maganar tana da nauyi, kuma babu mai hana kiɗa daren da aka ci. Amma murna da bincike ba kishiyoyi ba ne. Mutanen da suka san kokowa, in ɗan jiharsu ya yi kaye sukan yi guɗa, sannan su zauna su faɗi dalla-dalla inda ya kusa zamewa, don sun san gobe akwai wani karo. Ilimin da ake nunawa a gefen filin kokowa bai kamata ya ɓace a gaban talabijin ba. Fadar da ta iya cewa an ci amma ga inda aka yi sakaci, ita ce za ta iya cewa an faɗi amma a bar mutumin nan ya ƙarasa aikinsa. Irin wannan fada ce Harouna Doula ya rasa a Janairu 2012, kuma duk wanda ya riƙe Mena bayansa yana buƙatarta fiye da yadda yake buƙatar tafi.