Ɗan Sandan Littafinka Ba Boka Ba Ne, Ba Kuma Wawa Ba

Akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, yau sai na faɗe shi ko da wasu za su ji haushina. A labaran bincike da matasanmu ke turo mini in duba, ɗan sanda iri biyu ne kacal. Ko dai sufeto ne da zai shigo ɗaki, ya kalli gawa, ya nuna mai laifi da yatsa kamar mai bugun ƙasa, ko kuma sakarai mai ƙaton tumbi wanda bai iya komai ba sai karɓar na goro, har jarumin labari ya zo ya yi masa aikinsa. Duka biyun ragwanci ne daga marubuci. Wanda ke musu ya biyo ni Landan ta 1888.

A shekarar, tsakanin 31 ga Agusta da 9 ga Nuwamba, an yi wa mata biyar kisan gilla a unguwar talakawa ta Whitechapel da kewayenta: Mary Ann Nichols, Annie Chapman, Elizabeth Stride, Catherine Eddowes da Mary Jane Kelly. Makashin, wanda duniya ta sani da Jack the Ripper, har gobe ba a gano shi ba. Waɗanda suka bi sawunsa kuwa ba 'yan koyo ba ne. Sufeto Frederick Abberline ya yi shekara 14 yana aiki a unguwar, ya san lungunanta da ɓarayinta. Donald Swanson na zaune a Scotland Yard, duk takardar da ta shafi binciken sai ta bi ta teburinsa. An yi wa mutum fiye da 2,000 tambayoyi, an bincike sama da 300, an tsare 80. Sai dai ku tuna, ofishin duba zanen yatsa na Scotland Yard sai 1901 aka buɗe shi, kuma a 1888 babu gwajin da zai tabbatar jinin da ke rigar mahauci na mutum ne ko na dabba.

Ku tsaya a kan dare ɗaya, daren 30 ga Satumba. Catherine Eddowes tana tsare a caji ofis na Bishopsgate saboda maye, aka sake ta wajen ƙarfe 1:00 na dare. Ɗan sanda Edward Watkins ya ratsa dandalin Mitre Square da sintiri ƙarfe 1:30, babu kowa. Ya zagayo kusan 1:45, sai ga gawarta. Minti goma sha biyar! Ka yi tunanin abin da mutumin nan ya kwana da shi a ransa. Wane ne a cikinmu ya taɓa rubuta ɗan sanda mai ɗauke da irin wannan nauyi?

A daren dai aka tsinci yankin ƙyallen da take ɗaurawa a gaban riga, da jini, a ƙofar wani gida a titin Goulston, a saman wurin kuma ga rubutu da alli a bango da ya ambaci Yahudawa. Nan fa aka yi ta ta ƙare, domin rundunoni biyu ne a Landan. Eddowes ta mutu a yankin 'yan sandan tsakiyar birni, bangon kuwa yana yankin babbar rundunar da Kwamishina Sir Charles Warren ke shugabanta. Jami'in tsakiyar birni, Daniel Halse, ya nemi a jira gari ya waye a ɗauki hoto. Warren ya zo da kansa, ya ce a goge. Kafin gari ya gama wayewa an wanke bangon.

Marubuci rago zai ce Warren wawa ne, ya wuce. Amma gidan cike yake da Yahudawa baƙi, ranar Lahadi ce, kasuwa na shirin ci, kuma tun makonni jita-jita ke yawo cewa makashin Bayahude ne. A hannu ɗaya shaida, a ɗaya hannun tarzomar da za ta iya cin rayuka. Ni a ganina ya yi kuskure, ya kamata a rufe rubutun a ajiye masu gadi. Amma kuskuren mai hankali ne cikin matsi, kuma a irin wannan wurin labari yake.

Shirme ma sun tafka, ba na wanke su. Robert Anderson, shugaban sashen bincike, ya kama aiki ya tafi Suwizalan hutun jinya ana tsaka da kashe-kashen. Ranar da aka kashe Mary Kelly, 'yan sanda sun tsaya a ƙofar ɗakinta sa'o'i suna jiran karnukan bin sawu da tuni mai su ya kwashe abinsa. Sai ƙarfe 1:30 na rana aka fasa ƙofar.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne bayan ƙura ta lafa. Melville Macnaghten, wanda sai 1889 ya shiga aikin, ya rubuta rahoto a 1894 ya ambaci mutum uku. Na farkonsu, Montague Druitt, ya ce likita ne, alhali lauya ne kuma malamin makaranta. Wani daga ciki, Michael Ostrog, an gano daga baya yana kurkuku a Faransa lokacin kashe-kashen. Anderson ya rubuta a 1910 cewa sun san mutumin, Swanson ya rubuta sunan Kosminski da fensir a cikin nasa kwafin littafin. Abberline kuwa a 1903 ya karkata ga George Chapman, wanda aka rataye saboda kashe mata da guba. Takardu ɗaya, rundunar ɗaya, kowa da nasa mai laifin, kowa kuma da tabbacinsa. Tsoffin jami'ai ne da suka kasa haɗiye cewa an fi su.

Na san abin da za a ce: mai karatu yana son a kama mai laifi a babi na ƙarshe. To a kama shi mana, wa ya hana? Abin da nake yaƙi da shi shi ne a kama shi ta mafarki, ko ta wasiƙar da ta faɗo daga sama, ko ya zo da ƙafarsa yana kuka ya tona kansa don kawai marubuci ya gaji. Ka bar sufetonka ya zargi wanda ba shi ba ne, ya yi rigima da na sama da shi, ya rasa shaida saboda shawarar da shi kansa ya yanke.

Mai ganin da sauƙi, ga fili ga mai doki. Ka rubuta mana shafi biyu a kan asubahin nan na titin Goulston, Halse na roƙon a jira haske, Warren na kallon 'yan kasuwa suna fara fitowa, soso da ruwa na ajiye a gefe. Sharaɗin ɗaya ne: kada ka mai da ko ɗayansu wawa.