Bayan Alfaga, wa zai gaje shi? Tambayar da ta shafi matasan Damagaram

Idan aka buɗe gasar Olamfik ta Los Angeles a 2028, Abdoul Razak Issoufou Alfaga zai kasance yana da shekara 33. A wasan tekwando, inda ƙafa da saurin ido ke ciyar da mutum, wannan shekaru ne na fara tunanin ajiye kaya. Nijar kuwa lambobin Olamfik biyu kacal take da su: tagullar da ɗan dambe Issaka Daboré ya ciyo a Munich a 1972, sai azurfar Alfaga a Rio a 2016. Shekara 44 ke nan tsakani.

A dandamalin karɓar lambobi na Rio, ɗan Koriya ta Kudu Cha Dong-min, wanda ya ci zinariya a Beijing a 2008, ƙasa da Alfaga ya tsaya, da tagulla a wuya. Shekara guda bayan nan Alfaga ya je har Muju, a ƙasar da wasan ya samo asali, ya zama zakaran duniya a ajin masu nauyin sama da kilo 87.

Sai dai hanyar da kowannensu ya bi ta sha bamban. A Koriya yaro na fara tekwando tun firamare, ya shiga ƙungiyar sakandare, ya wuce jami'a, kuma cibiyar Kukkiwon da ke Seoul ce ke tantance masu baƙin ɗamara. Wanda ya ci lambar Olamfik ana sassauta masa aikin soja na dole, ana kuma ba shi fansho duk wata. Shi ya sa idan wani Cha ya yi ritaya, akwai wasu a layi. Alfaga kuwa a Togo ya fara koyo, bayan mahaifinsa ya hana shi wasan, sannan a Jamus aka horar da shi ya kai matakin duniya. Nijar ta yi masa tarba ta girma, amma ba ita ta raine shi a fagen ba.

A nan ne batun ya taɓa Damagaram. Ƙarfi dai ba a rasa shi a garin. Fim ɗin "Zinder" da Aïcha Macky ta fitar a 2021 ya nuna samarin unguwar Kara-Kara suna ɗaga ƙarafa a majalisunsu da ake kira "palais", ƙirji kamar bango, ga ba aikin yi. Kokawar gargajiya ta riga ta nuna abin da tsari ke iya yi: tun 1975 ake gasar takobin ƙasa, jihohi na zaɓen 'yan wasansu, zakara na tashi da kuɗi da suna. Ɗan kokawa ya san matakalar da zai taka daga unguwa zuwa filin Langa-Langa. Yaron da ke son tekwando fa, bayan ya iya shuri, ina ya nufa? Yamai na da nisan kusan kilomita 900, can kuma hukumar wasan take.

Abin da ake buƙata bai kai tsadar filin ƙwallo ba: ɗaki mai tabarmar roba, rigunan kariya, koci mai albashi, da gasar jiha da ba ta tsallake shekara. Mafi tsada su ne rigunan lantarki masu ƙidayar maki, waɗanda da su ake fafatawa a manyan gasanni, kuma yaron da bai taɓa sa su ba ya shiga fage da rauni tun kafin a busa. 'Yan Damagaram mazauna Faransa, Beljiyam ko Amurka da ke haɗa kuɗin gina masallaci da rijiya za su iya sayen irin waɗannan, in har hukumomin jiha suka ba da ɗakin, suka kuma ɗauki nauyin kocin.